Shaidar da ke Bayan Faranti

Kowane tsohon gida yana da wani abu guda wanda a ke nuna wa baƙo in an gama gaisuwa. Wani gidan takobi ne, wani tsohon Alƙur'ani ne rubutun hannu, wani kuwa sirdi ne da gara ta ci rabinsa. Mu a gidanmu na Wurno faranti ne. Fari ne fat, na tangaran, faɗinsa ya ɗara taƙi guda, babu launi a jikinsa, sai adon zangarniyar alkama da aka fito da shi kewaye da bakinsa. Yana manne a tsakiyar rufin wani tsohon soro na cikin gida, daidai inda bakunan ginin suka haɗu, yadda maginan da su kan sa tasa ko faranti a wurin don ado. Fuskarsa na duban ƙasa, bayansa na binne cikin yumɓu. Tun da na yi wayo haka na gan shi, mahaifina ma ya ce haka ya tashi ya gan shi.

Labarin da muka tarar shi ne, wai Baturen nan Abdullahi, watau Kyaftin Clapperton, shi ya kawo farantin Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Bello kuma ya ba kakan kakanmu saboda wata hidima da ya yi, da aka komo Wurno da zama ya taho da abinsa. Ba mu taɓa shakkar wannan magana ba. Ina dalilin shakka? Clapperton ya zo Sakkwato cikin 1824, ya komo cikin 1826, a nan ajali ya same shi cikin 1827. Bello kuwa shi ya gina Wurno ya maishe ta ribaɗi, a nan ya rasu cikin 1837, ga hubbarensa nan jama'a na ziyara. Muna yara, in muka yi faɗa da 'ya'yan maƙwabta, da farantin nan mu ke yi musu gori.

Cikin daminar 2010 aka yi ambaliyar nan da mutanen Goronyo da Wurno ba za su manta ba, gulbin Rima ya cika ya batse, ya ci gonaki da gidaje. Gidanmu yana gangare ne, wajen fadama. Ruwa ya kwantar da ɗakin ƙanena, ya kuma jiƙa gindin soron har bango ya tsage tun daga ƙasa zuwa sama. Da kaka ta yi, baffana, wan mahaifina, wanda shi ne babba a gidan, ya ce a rushe shi tun bai faɗa wa wani ba. Magini ya hau tsani da 'yar wuƙa, ya yi ta ƙwaƙule yumɓu a hankali har farantin ya saki, ya miƙo shi da hannu biyu. Na karɓa, na ji nauyinsa ya fi yadda na zata. Aka kawo ruwa a ƙwarya na wanke bayansa, sai ga rubutu ya fito, baƙi, tsaf, sai ka ce jiya aka buga.

Baffa ya ce, "Kai da kas san boko, duba muna mi anka rubuta."

To, bokona ba mai zurfi ba ne, a firamare na tsaya, sauran a bakin aikin magatakarda na tsince shi. Amma haruffa dai na iya haɗa su. Na ga zaki a hagu da wani doki mai ƙaho ɗaya a dama, sun riƙe garkuwa a tsakaninsu, da kambin sarauta a bisanta. An rubuta Ironstone China, sa'an nan J. & G. Meakin, sa'an nan Hanley, England. Baffa ya yi murna ƙwarai, ya ce ga shaida ta fito, ga hatimin Sarkin Ingila, ga sunan ƙasarsu. Ni ma a ran nan haka na ɗauka.

Ba a yi mako biyu ba sai ga wani dillalin kayan da ya yi sallama, irin masu yawo gari gari suna sayen tsofaffin tasoshi da takubba. Ya jujjuya farantin, ya buga shi da farce ya saurara. Ya ce shi kaɗai ba zai yi wani kuɗin kirki ba, amma in da takarda mai ba da tarihinsa, da sa hannun wani ma'aikaci sananne, yana da mai saye wanda zai ba da abin da zai isa a gina ɗaki biyu na bulo da rufin kwano. Ya ce zai komo bayan wata guda. Kowa ya juyo ya dube ni, domin ni ne mai alƙalami a gidan, ga kuma ƙanena da iyalinsa suna kwana a rumfar zana, hunturu na ƙaratowa.

Na ce zan rubuta, amma a bar ni in bincika tukuna. Allah ya sani ban zaci akwai ƙarya a ciki ba. So na ke in ƙawata takardar da shekaru da sunaye don mai saye ya ƙara kuɗi. Na kwafe hatimin a takarda, zaki da doki da kome, na tafi Sakkwato wurin wani tsohon malamin makaranta wanda ya yi karatu a Ingila. Ya dubi zanena ya yi murmushi, ya shiga ciki ya ɗauko wani ƙaton littafi na wani Bature, Geoffrey Godden, bugun 1964, wanda ba kome a cikinsa sai hatiman maginan tangaran na ƙasar, dubbai. Kwana biyu na yi ina zuwa wurinsa. Ga abin da na koyo, na kuwa rubuta shi a nan don ya amfani wanda ke da irin wannan kaya a gidansa.

Asalin tangaran na ƙwarai daga ƙasar Sin ya ke, marar nauyi, wanda in ka ɗaga shi ga rana ka kan ga inuwar yatsunka ta cikinsa. Yana da tsada, ga saurin fashewa. Sai maginan wani yanki na tsakiyar Ingila da a ke kira Staffordshire, inda Allah ya hore yumɓu da kwal na gashi, suka shiga neman wanda zai yi kama da shi a ido amma ya fi shi ƙwari da araha. Cikin 1813 wani mai suna Charles James Mason ya karɓi takardar hukuma a kan wani haɗi nasa, ya sa masa suna Ironstone China, watau tangaran na dutsen ƙarfe. A takardar ya lissafa kashin maƙera cikin kayan haɗin, tare da yumɓu da garin ƙanƙara da wani dutse na yankin Cornwall, amma waɗanda suka auna kayan daga baya sun ce ƙarfen da ke ciki bai taka kara ya karya ba, sunan dai na jan kasuwa ne. Ya kuwa ja, har sauran magina suka ara. Shi Mason kansa ya karye cikin 1848, sana'arsa ta koma hannun waɗansu. Garuruwan maginan nan shida ne, Tunstall da Burslem da Hanley da Stoke da Fenton da Longton, waɗanda aka haɗe cikin 1910 suka zama Stoke-on-Trent. Hanley ɗin da ke bayan farantinmu ɗaya ce daga cikinsu.

Game da hatimi, malamin ya ce abin da ya fi ruɗin mutane shi ne zakin nan da doki. Tambarin sarautar Ingila ne, gaskiya, amma ba ya nuna cewa daga fada kayan ya fito, don magina da yawa sun buga shi ne saboda kwarjini kurum. Duk da haka yana da amfani ga mai lissafi. Kafin 1837 a kan sa wata 'yar ƙaramar garkuwa a tsakiyar babbar, alamar ƙasar Hanover ta Jamus, wadda sarakunan Ingila ke riƙe da ita a lokacin. Da Sarauniya Victoria ta hau gado cikin 1837 aka cire ta, garkuwa ta zama kashi huɗu kawai. Da na ji 1837 gabana ya faɗi, domin shekarar da Bello ya rasu ke nan. Na dubi zanena, kashi huɗu ne, ba kome a tsakiya.

Abu na biyu sunan magini. J. & G. Meakin 'yan'uwa biyu ne, James da George, cikin 1851 suka kafa masana'antarsu a Hanley, watau shekara 24 bayan mutuwar Clapperton. Abu na uku kalmar England. Amurka ita ce babbar kasuwar wannan farin tangaran, cikin 1890 kuwa ta yi doka cewa duk kayan da za a shigar mata sai an rubuta sunan ƙasar da aka yi shi, dokar ta fara aiki cikin 1891. Daga nan magina suka riƙa ƙara England a hatiminsu. Kaɗan daga cikinsu sun riga dokar da 'yan shekaru, amma galibi in ka ga kalmar, to, daga 1891 ne zuwa gaba. In kuwa Made in England aka rubuta cikakke, kayan ƙarni na 20 ne. Abu na huɗu wata alama ce mai kusurwa huɗu, a tsaye bisa tsini ɗaya kamar laya da aka rataye ta kusurwa, da haruffa da lambobi a lungunanta. Ita shaidar rajistar zane ce ko siffa, an yi aiki da ita daga 1842 zuwa 1883, daga 1884 aka koma rubuta Rd No. da lamba. Amma fa ranar da ke cikinta ranar rajista ce, a kan ci gaba da gasa wannan siffa shekaru bayan haka.

Na komo Wurno jikina a sanyaye. Bayan sallar isha'i na sami Baffa a zaure shi kaɗai, na durƙusa, na karanta masa lissafin daki-daki. Ya saurara har na kai 1851, sa'an nan ya ɗaga hannu. Baffa mutum ne wanda ya san tarihin garinsa. Ya ce, "To, in ba Abdullahi na ba, Abdulkarimu na. Tsofaffi sun rikita sunan." Abdulkarimu shi ne Dokta Barth, Bajamushen da ya sauka Wurno cikin 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. A lissafi kuwa masana'antar Meakin na da shekara 2 a lokacin, watau ƙofa ba ta rufe ba ke nan. Na so ƙwarai in bar masa wannan ƙofa a buɗe. Amma kalmar England na nan, haruffa 7, ba yadda zan yi da su. Na ce masa da wuya farantin ya girmi sarautar Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ya hau cikin 1891.

Ya yi shiru, ya jima. Sa'an nan ya tambaye ni wa zai sani, mai saye ai ba Ingila za shi tambaya ba, ƙanena kuwa yana kwana a rumfa. Ban ga laifinsa ba, nauyin gida ke kansa. Amma tun muna makarantar allo aka gaya mana shaidar zur tana cikin manyan zunubai, kuma aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani a kan marubuci da shaidu ta ke magana. Magatakarda ba shi da gona sai sa hannunsa. Ran da ya sa shi a kan abin da ya san ba haka ba ne, duk takardun da ya rubuta a baya sun zama abin tuhuma. Na ce, "Baffa, ku gafarce ni, ba ni iya rubuta wagga takarda." Ya tashi ya shiga gida. Wata uku in na gaishe shi amsawa kurum ya ke yi. Dillali ya komo, da ya ga ba takarda ya taya da abin da bai isa sayen ƙofa ba, aka sallame shi. Ƙanena ya ci hunturun nan a rumfa, ɗakinsa da tubali muka gina shi kaɗan kaɗan da gudummawar dangi. Duk ran da na ji ɗansa na tari da dare sai barci ya ƙi ni.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai: in ba daga hannun Bello farantin ya fito ba, daga ina ya fito? An ce matambayi ba ya ɓata. Sai na tuna da ƙanwar kakana, wadda aka yi wa aure a Rabah tun tana yarinya, kowa na ce mata Gwaggo, a lokacin ta kusa shekara 90. Na tafi na same ta a ƙofar ɗakinta tana shan hantsi. Ta ce yau wace rana mijinta ya tuna da ita, ko cefane na kawo? Muka taɓa wasan jika da kaka, sa'an nan na kawo mata zancen farantin da Baturen Bello. Ta yi dariya har ta share hawaye.

Ta ce, "Wane Bature? Inna tas saye shi da kuɗɗin zarenta, ina tsaye anka ƙirga."

Ta ba ni labari tiryan-tiryan. Mahaifiyarta, watau kakar mahaifina, makaɗiya ce ta gaske, zarenta har masaƙa na rububi. Wata dillaliya ta shigo gidan da farantin, ba sabo ba, ta ce daga hannun kukun wani Bature na Sakkwato ya fito. Inna ta gani ranta ya biya, aka yi ciniki a kan za ta riƙa biya kaɗan kaɗan, rani biyu tana kaɗi kafin ta gama. Gwaggo ta ce shekarar da aka kawo shi ita ce wadda kowa ke zancen jirgin ƙasa ya iso Gusau. Da aka gina wa Inna soro, ita ta ce a manna shi a rufi, don kada yara su fasa, kada kuma maƙwabta su riƙa aro ran biki. Zancen Bature kuwa wani maroƙi ne ya fara yinsa ran wani ɗaurin aure, maza suka ji daɗi suka yi masa kyauta, magana ta zauna. Na ce, to, Gwaggo, duk shekarun nan me ya hana ku faɗi?

Ta ce, "Wa yat tambaye ni? Maza na zaure suna tarihi, mu muna ciki muna daka."

A hanyar komowa na yi ta juya maganar nan. Da ina tsammanin mai saye kaɗai takardar za ta cuta. Ashe akwai wadda aka riga aka cuta tun kafin a haife ni. Duk wanda ya taɓa ganin mace na kaɗi da mazari ya san abin da a ke samu a yini bai cika tafin hannu ba. Rani biyu na wannan aiki aka ɗauke daga hannun tsohuwa aka ba wani Bature da bai taɓa ganin farantin ba, mu jikokinta muna tafi. Da na sa hannu a takardar nan, da na buga wa wannan ƙwace hatimi.

Tun daga ran nan na buɗe littafi na rajista. In aiki ko zumunci ya kai ni wani gida a Wurno, ko Rabah, ko Goronyo, na kan roƙa a fito mini da tsohon tangaran zaure, in kife shi in kwafe hatiminsa. Ba na saye, ba na taya. A Goronyo an nuna mini wani kwano mai furanni ja da kore wanda a ke cewa ɗan Ingila ne. Da na kife shi sai na ga wata halitta a kwance, jikin zaki kan mutum, da sunan Petrus Regout na birnin Maastricht, ashe ɗan Holan ne. A Rabah na ga murfin wani kwano mai alamar nan mai kama da laya, shi ne mafi tsufa a littafina, ko da ya ke kwanon kansa ya daɗe da fashewa. Na kuma ga sababbi a kasuwa masu zaki da doki, amma ba sunan magini, ba sunan gari.

Saboda haka, ya kai mai karatu, kada hatimi kaɗai ya ishe ka. Ɗaga kayan ka ji nauyi, na gaske yana da nauyi, haske ba ya ratsa shi. Buga shi da farce. Lafiyayye ya kan yi ƙara mai daɗi, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe ta ke. Duba zoben gindinsa, wanda ya daɗe a na ajiye shi a na ɗauka ya kan goge. Shafa hatimin da yatsa, na bugu yana ƙarƙashin ƙyallin, sumul za ka ji. Wani kuma danne shi aka yi cikin yumɓu tun yana ɗanye, sai ka karkata shi ga haske za ka gani. Kada ka goge shi da yashi ko toka, ruwa da sabulu sun isa. In ka gama duk wannan, to, ka san garin da aka gasa shi da kusan zamaninsa, iyakar abin da hatimi zai gaya maka ke nan. Sauran yana bakin tsofaffin matan gidan. A littafina layin da na fi ba faɗi shi ne na wadda ta saya, da sana'ar da ta yi ta sami kuɗin. Kwanon samira ya ture tangaran a jeren amare, silba da roba suka ture samira, masu labarin kuwa kullum raguwa su ke yi. Gwaggo da kanta ba ta ga damina biyu bayan zuwana ba, Allah ya jiƙanta.

Da na komo daga Rabah ban je wa Baffa da maganar nan da nan ba, sai da na ga fuskarsa ta fara saki. Na fara gaya masa wani abu da malamin Sakkwato ya nuna mini, cewa Clapperton da kansa ya rubuta yadda a ke aiko masa da abinci daga fadar Bello cikin kwanonin kuza masu hatimin London, wata rana ma cikin wani farin daro ƙirar Ingila. Watau tun 1824 kayan Ingila sun riga sun iso Sakkwato ta hannun fatake, zancen tsofaffi yana da tushe, namu farantin ne dai ba ya cikinsu. Sa'an nan na karanta masa abin da Gwaggo ta faɗa. Ya sunkuyar da kai. Can ya ce ya tuna hannun kakarsa, kullum fari fat da allin kaɗi, in ta shafa kansa sai ta bar masa shaida. Ya yi mata addu'a, muka shafa tare.

Farantin yana nan a gidan, cikin akwati, naɗe da tsohon zane. In baƙo ya zo Baffa ya kan sa a ɗauko, ya kife shi da kansa, ya nuna zaki da doki da kalmar England, ya ce kakarsa ce ta saye shi da zarenta, rani biyu tana biya. Allah ya jiƙan magabatanmu maza da mata, ya tsare hannuwanmu daga rubuta abin da ba mu shaida ba. Amin.